Haɗakar Kwalejoji Biyar na Yammacin Massachusetts: Abin da Aka Haɗa da Abin da Kowa Ya Riƙe

A yammacin jihar Massachusetts ta Amurka, a kwarin da kogin Connecticut ya ratsa, an kafa manyan makarantu biyar waɗanda tazarar da ke tsakanin kowace biyu daga cikinsu ba ta kai kilomita ashirin da biyar ba. Kwalejin Amherst ita ce babbar yaya, domin an kafa ta a 1821. Mount Holyoke, wadda Mary Lyon ta assasa a garin South Hadley a 1837, da Smith, wadda ta buɗe ƙofa a garin Northampton a 1875, dukkansu kwalejojin mata ne. Jami'ar Massachusetts da ke garin Amherst ta fara ne a 1863 a matsayin kwalejin koyon aikin gona, kuma ita kaɗai ce ta gwamnati a cikinsu. Auta ita ce Hampshire, wadda ta karɓi ɗalibanta na farko a 1970. Ƙungiyar da ta ɗaure su wuri guda, mai suna Five Colleges, Incorporated, an yi mata rajista a 1965, tana kuma cikin tsofaffin haɗakar makarantu a Amurka. Wannan nazari zai duba yadda haɗakar take aiki, musamman abin da ta buɗe wa malamai, da kuma inda ta tsaya lokacin da ɗaya daga cikin biyar ɗin ta shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi a 2019.

Sai an san girman bambancin da ke tsakanin makarantun kafin a fahimci dalilin haɗuwarsu. Jami'ar tana da ɗalibai wajen 30,000, da tsangayoyin injiniya da kasuwanci da aikin jinya, da shirye-shiryen digiri na uku, amma ajujuwanta na shekarar farko sukan cika da ɗaruruwan mutane. Amherst da Smith da Mount Holyoke kuwa kowace ba ta wuce ɗalibai 2,000 zuwa 3,000 ba, ajujuwansu ƙanana ne, malami ya san ɗalibinsa da suna, sai dai ƙanƙantar tasu ta hana su riƙe cikakken sashe a kowane fanni. Kwalejin da ke da ɗalibai 2,000 ba za ta iya ɗaukar malamai shida na ilimin taurari ba, alhali masu son fannin a shekara ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Saboda haka kowace tana da abin da maƙwabciyarta ta rasa.

An daɗe ana taɓa haɗin gwiwa kafin a kafa ƙungiyar. A 1951 wasu daga cikin makarantun suka buɗe cibiya guda ta ajiye littattafai da mujallun bincike masu tsada waɗanda ba kullum ake neman su ba, don kada kowa ya sayi kwafinsa. A 1961 gidan rediyon WFCR ya fara watsa shirye-shirye da sunan makarantu huɗun. Amma aikin da ya fi kowanne nauyi shi ne rahoton da wani kwamitin malamai huɗu, ɗaya daga kowace makaranta, ya fitar a 1958 da tallafin wani asusu na Gidauniyar Ford. Rahoton ya tsara yadda za a kafa sabuwar kwaleji wadda za ta koyar da kuɗi kaɗan da malamai kaɗan, ta bar wa ɗalibi tsara karatunsa da kansa, ta kuma jingina da maƙwabta a duk fannin da ba ta da shi. Tsarin ya zauna a takarda har 1965, lokacin da wani tsohon ɗalibin Amherst, Harold F. Johnson, ya ba da dala miliyan 6, aka sayi gonaki da lambunan tufa a kudancin garin Amherst, aka gina Hampshire. Ke nan Hampshire haihuwar haɗakar ce, kuma tun ranar farko an gina ta a kan cewa sauran huɗun suna nan. Wannan ya zama ƙarfinta, daga baya kuma ya zama rauninta.

Shugabannin makarantun ne ke zaune a majalisar gudanarwar ƙungiyar, a ƙarƙashinsu akwai babban darakta da ƙaramin ofishi a garin Amherst, sannan shugabannin harkokin karatu, da masu kula da kuɗi, da shugabannin ɗakunan karatu, kowane rukuni yana da zamansa. Ƙungiyar ba ta ba da digiri, ba ta ɗaukar ɗalibi, ba ta kuma da ikon tilasta wa wata makaranta komai. Duk abin da aka yi, da yardar waɗanda za su biya aka yi shi.

Abin da ɗalibi ya fi gani shi ne damar ɗaukar kwas a wata makarantar ba tare da ƙarin ko sisi ba. Ɗalibar Mount Holyoke tana iya zuwa jami'ar ta ɗauki kwas ɗin da kwalejinta ba ta koyarwa, ɗalibin jami'ar yana iya zama a ajin mutum goma sha biyu a Amherst, maza kuma suna shiga ajujuwan Smith da Mount Holyoke duk da cewa ba za su iya samun digirin farko na waɗannan kwalejoji ba. Rajistar irin wannan takan kai wajen 5,000 a shekara. Makin da ɗalibi ya samu yana komawa makarantarsa ta asali, a nan ake lissafa masa shi. Abin da ya sa hakan ya yiwu a aikace shi ne motocin safa da ke zirga-zirga tsakanin harabobin ba tare da ɗalibi ko malami ya biya kuɗin mota ba a lokacin karatu, kuma da yawa daga direbobin ɗaliban jami'ar ne da aka horar. Amma taswira tana yaudara. Hanyar da ta haɗa Amherst da Northampton ta bi ta kan gada guda da ke yawan cunkushewa, wadda ta nufi South Hadley kuma ta ratsa tsakanin duwatsu, don haka kwas na awa ɗaya da kwata yakan cinye wa ɗalibi rabin yini, balle a watannin da dusar ƙanƙara ke zuba. Wannan ne ya sa ɗaliban sassan kimiyya, waɗanda jadawalinsu ya cika da zaman ɗakin gwaji, ba su cika cin moriyar tsarin kamar na adabi da tarihi ba.

Ta fuskar littattafai, ɗakunan karatun suna da kundin bincike guda, littafin da aka nema daga wata haraba kuma mota ce ke kawo shi. Wurin ajiyar da suka yi tarayya a kansa ma abin a faɗa ne: wani ginin ƙarƙashin dutse da rundunar sojan saman Amurka ta haƙa a shekarun 1950 don ya zama cibiyar ba da umarni idan yaƙin nukiliya ya ɓarke, Kwalejin Amherst ta saye shi a farkon shekarun 1990, aka cika shi da littattafai. Da ya cika, aka gina wani a garin Hatfield, aka buɗe a 2017.

Amma inda haɗakar ta fi nuna bambanci da sauran irinta shi ne sha'anin malamai, kuma a nan ya kamata a daɗe. Hanya mafi sauƙi ita ce aron malami. Idan malamin wani sashe ya tafi hutun bincike, ko aka sami kwas ɗin da babu mai koyar da shi, sashen yakan ari malami daga maƙwabta na zango guda, ko dai a yi musaya kai da kai, ko a biya malamin ladan ƙarin aiki, ko a biya makarantarsa don ta sauke masa kwas guda. Wanda ya san jami'o'in Najeriya zai ce ai wannan ba sabon abu ba ne, tunda malaman ziyara da masu hutun sabatikal sun cika sababbin jami'o'i. Bambancin shi ne a Massachusetts makarantun ne ke ƙulla yarjejeniyar, suna kuma lissafa aikin a cikin nauyin da ke kan malamin, ba shi ne ke bin hanya yana nema wa kansa ƙarin abin sawa a aljihu ba.

Hanya ta biyu, wadda ta fi zurfi, ita ce ɗaukar malami na haɗin gwiwa. Makarantu biyu ko uku, wani lokaci duka biyar, sukan amince cewa akwai fannin da dukkansu ke buƙata amma babu wadda ke da ɗaliban da za su cika wa malami guda jadawali. Sai su haɗa kuɗin albashi, su yi talla guda, su kafa kwamitin tantancewa mai wakilai daga kowace. Wanda aka ɗauka ana ba shi makaranta guda a matsayin gida, inda ofishinsa yake, inda ake biyan sa, inda kuma za a yanke hukuncin ƙarin girma da tabbatar da shi a kujerarsa, sannan ya riƙa zagayawa sauran yana koyar da kwas ɗaya ko biyu a shekara. Sau da yawa Gidauniyar Mellon, wata gidauniyar ba da tallafi ta Amurka, ita ce ke ɗaukar nauyin shekarun farko na irin wannan kujera, bisa sharaɗin makarantun su karɓi nauyin daga baya. Ta wannan hanya ne aka sami malaman Larabci da ke koyarwa a harabobi daban-daban da manhaja guda, yadda ɗalibin da ya fara shekarar farko a Smith zai iya ci gaba da ta biyu a jami'ar ba tare da ya tarar da wani littafi dabam ba. Haka aka yi wa harshen Koriya, da shirin kiɗan Turai na zamanin da, da wasu fannoni na fim da zanen gine-gine.

Tsarin ya kuma ba su damar jawo mutanen da ƙaramar kwaleji ita kaɗai ba za ta iya riƙewa ba. Joseph Brodsky, marubucin waƙoƙin da ya bar Tarayyar Sobiyet a 1972, ya kuma ci kyautar Nobel ta adabi a 1987, ya yi shekaru yana farfesan kwalejoji biyar da mazauni a Mount Holyoke, har rasuwarsa a 1996. James Baldwin, shahararren marubuci Ba'amurke, ya riƙe irin wannan kujera a tsakiyar shekarun 1980, yana koyarwa a Hampshire da jami'ar. Michael Klare ya shafe fiye da shekara talatin, daga 1985, yana jagorantar shirin nazarin zaman lafiya da tsaron duniya daga Hampshire, ɗalibansa kuma daga dukkan harabobin suke zuwa.

Sai dai waɗannan manyan sunaye suna iya rufe wahalar da ƙaramin malami ke sha. Wanda ya riga ya yi suna babu abin da zai rasa idan ya raba lokacinsa, amma sabon malamin da ke jiran a tabbatar da shi bayan shekara shida yana fuskantar ma'aunai da ba su yi daidai da juna ba. Jami'ar tana auna malami da yawan bincike da tallafin da ya jawo, malamanta kuma suna da ƙungiyar ƙwadago da yarjejeniyar aiki a rubuce. Amherst da Smith da Mount Holyoke suna ba koyarwa da kula da ɗalibi nauyi mai yawa. Hampshire kuwa ba ta da tsarin tabbatarwa na dindindin, kwangila ce ta shekaru da ake sabuntawa, ba ta kuma ba ɗalibi maki, rubutaccen bayani ake yi a kan aikinsa. Malamin haɗin gwiwa yana halartar taron sashe a wuri biyu, yana koyon dokokin jarrabawa iri biyu, ɗaliban da ya koyar a waje ɗaya ba sa samun sa a ofis a ranakun da yake ɗayan wajen, kuma abokan aikin da za su jefa ƙuri'a a kansa ba su ga rabin aikin da ya yi ba. A ganina wannan shi ne ainihin farashin tsarin, kuma malamin ne ke biyan sa da lokacinsa, ba makarantun ba. Abin da ke rage raɗaɗin shi ne a rubuta komai tun ranar ɗauka: kwas nawa a ina, kwamiti nawa, wa zai rubuta rahoton koyarwa daga ɗaya harabar. Duk da haka dole a faɗi ɗaya gefen, domin yawancin waɗannan kujeru da ba a haɗa kuɗi ba da babu su sam, kuma wanda ya ƙware a fannin da ba shi da kasuwa ya fi son aiki mai gida biyu a kan zaman jiran aiki.

Mataki na uku shi ne sashe guda da ya game dukkan makarantun, kuma misalin da ya fi fitowa fili shi ne ilimin taurari. Maimakon kowace kwaleji ta riƙe malami ɗaya ko biyu da ke koyar da komai sama-sama, sai aka haɗa su suka zama sashe ɗaya mai manhaja ɗaya, kwalejojin suna ɗaukar kwasa-kwasan farko, manyan kwasa-kwasai kuma ana raba su gwargwadon ƙwarewar kowa. A 1969 aka kafa cibiyar nazarin taurari ta hanyar igiyar rediyo a gefen madatsar ruwa ta Quabbin, wadda daga baya aka girka mata na'urar hangen taurari mai faranti mai faɗin mita 14. Joseph Taylor, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, shi ne da ɗalibinsa Russell Hulse suka gano wasu taurari biyu masu kewaya juna a 1974, ta amfani da babbar na'urar Arecibo da ke Puerto Rico, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel ta fiziks a 1993. An rufe cibiyar Quabbin daga baya, hankali ya koma kan na'ura mai faɗin mita 50 da jami'ar ta gina tare da wata cibiyar bincike ta Meziko a kan dutsen Sierra Negra. Amfanin wannan ga malamar da ke Smith ko Mount Holyoke shi ne tana koyarwa a ƙaramar kwaleji amma tana da abokan bincike da ɗaliban digiri na uku da kayan aiki irin na babbar jami'a. Sashen rawa ma haka aka gina shi, kowace haraba da salon da ta fi ƙarfi a kai.

A ƙasa da wannan akwai shirye-shiryen takardar shaida fiye da goma, waɗanda ɗalibi ke haɗawa da digirinsa ta hanyar tattara kwasa-kwasai daga harabobi daban-daban: nazarin Afirka, hulɗar ƙasa da ƙasa, nazarin Gabas ta Tsakiya, kimiyyar teku da gaɓarsa, ilimin manɗiƙi, nazarin addinin Buddha, da sauransu. Kwamitocin malamai ne ke tafiyar da su, kuma a nan ne masanin tarihin Afirka da ke zaune shi kaɗai a sashensa yake samun waɗanda za su karanta masa daftarin babi. Akwai zaurukan tattaunawa na malamai da ƙungiyar ke ba ɗan kuɗin gayyato baƙo da na abinci, akwai cibiyar binciken al'amuran mata da aka buɗe a 1991 wadda ke karɓar masu bincike daga ƙasashe daban-daban, an kuma daɗe ana ba masu rubuta kundin digiri na uku gurbin shekara guda su zauna a ɗaya daga harabobin su kammala rubutu. Malaman kwalejojin suna iya shiga kwamitin duba ɗaliban digiri na uku a jami'ar, abin da ƙananan kwalejoji a wasu wurare ba su da hanyar samu. A 2020 Gidauniyar Mellon ta ba haɗakar dala miliyan 2.5 don faɗaɗa nazarin al'ummomin asali na Amurka, aka yi amfani da kuɗin wajen sababbin kwasa-kwasai da gayyato masana daga cikin al'ummomin kansu.

Cibiyar harsunan duniya ta cancanci a ambace ta dabam saboda dabararta. Harsuna irin su Swahili da Wolof da Twi da Yarabanci da Urdu da Farisanci ba sa tara ɗaliban da za su cika aji a haraba guda. Sai aka tsara cewa ɗalibi ya yi karatu da kansa bisa jadawalin da cibiyar ta shirya, ya riƙa zama kowane mako da mai jin harshen tun haihuwa, wanda sau da yawa ɗalibi ne daga ƙasar, a ƙarshen zango kuma a kawo ƙwararren malami daga wata jami'a ya yi masa jarrabawar baka. Tsari ne mai araha, kuma yana aiki ga ɗalibi mai himma, amma ba ya samar da kujerar malami, wanda ke nuna cewa haɗaka tana iya buɗe guraben aiki a wani fanni ta kuma zama dalilin rashin buɗe su a wani.

A ranar 15 ga Janairun 2019 shugabar Hampshire, Miriam Nelson, ta sanar cewa kwalejin tana neman wata cibiya da za ta haɗe da ita, kuma mai yiwuwa ba za ta ɗauki sababbin ɗalibai a wannan shekara ba. Dalilin bai ɓoyu ba. Dukiyar waƙafin Hampshire ba ta fi dala miliyan 50 da 'yan kai ba, alhali ta Amherst ta haura dala biliyan 2, ta Smith ma ta kusa haka. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kuɗin shigar Hampshire daga kuɗin makaranta yake fitowa, don haka raguwar ɗalibai kaɗan ta isa ta girgiza ta. Ƙuruciyarta ma ta cuce ta, domin makarantar da ta buɗe a 1970 ba ta tara zuriyoyin tsofaffin ɗalibai masu barin wasiyya kamar wadda ta shekara kusan ɗari biyu ba. A farkon Fabrairu majalisar amintattu ta yanke cewa ba za a ɗauki cikakken aji ba. Ɗalibai suka mamaye ofishin shugabar suka yi zaman dirshan na kwana 75, malamai da tsofaffin ɗalibai suka yi ca, tattaunawar da aka yi da jami'ar kan yiwuwar haɗewa ba ta kai ko'ina ba, a watan Afrilu kuma Nelson ta ajiye aiki, majalisar ta zaɓi kwalejin ta ci gaba da tsayuwa da ƙafarta. Sababbin ɗalibai 13 kacal suka shiga a kakar wannan shekara.

Abin da haɗakar ta yi a wannan lokaci shi ne ya fi bayyana iyakarta. Malaman Hampshire da dama sun ɗauki hutu daga kwalejin suka karɓi guraben koyarwa na wucin gadi a sauran makarantun, wanda ya sauke wa Hampshire nauyin albashi ba tare da mutanen sun tashi daga gidajensu ko sun cire 'ya'yansu daga makaranta ba. Hakan ya yiwu cikin 'yan watanni ne saboda an riga an san su, sun zauna a kwamiti ɗaya da masu ɗaukar su, sun koyar da ɗalibansu shekara da shekaru. Ɗaliban da suka rage kuma sun ci gaba da hawa mota suna cike giɓin kwasa-kwasan da suka ɓace. Amma babu wadda ta ɗauki bashin Hampshire ko ta yanka mata wani abu daga waƙafinta, kuma ba a taɓa ƙulla haɗakar a kan za a yi haka ba. Aikin gayya ne ake yi, rumbu kowa da nasa. Amintattun Amherst ko na Smith suna da hujja, tunda dukiyar da ke hannunsu an bayar da ita ne da sunan makarantarsu, yawancinta ma da sharuɗɗan abin da za a kashe ta a kai, jami'ar kuma ba za ta ɗauki kadarar da ke tafe da giɓi ba tare da ta amsa tambayar majalisar dokokin jiha ba.

Kuɗin ceton daga tsofaffin ɗalibai da masu fatan alheri aka nemo shi. Ed Wingenbach ya karɓi shugabanci a watan Agustan 2019, aka ƙaddamar da gangamin tara dala miliyan 60 wanda mai shirya finafinan tarihi Ken Burns, tsohon ɗalibin kwalejin, ya shige gaba a kai, aka kuma sake fasalin manhaja. Annobar korona ta zo ta ƙara dagula lissafi, yawan ɗalibai ya faɗo ƙasa da 500 a 2021, daga kusan 1,400 da kwalejin ta taɓa riƙewa. Ya sake hawa a shekarun da suka biyo baya, amma bai kai adadin da zai rufe giɓin kasafi ba, har a 2024 aka sake rage ma'aikata. Wasu daga malaman da suka tafi aro a 2019 sun dawo, wasu kuma maƙwabtan sun riƙe su ko sun sami aiki a wani wuri, kuma kowane ɗaya da bai dawo ba ya rage kwasa-kwasan da Hampshire ke iya buɗe wa ɗaliban sauran huɗun, a daidai lokacin da nata ɗaliban suka fi buƙatar ajujuwansu.